Dutsen Bayan Taya

A unguwar Tirwun ta garin Bauchi akwai wani yaro ɗan aji biyar. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya gani a ajiye sai ya ɗauka, kamar don shi aka ajiye.

Washegarin Sallah, Abbansa ya ɗauke shi da ƙanwarsa Kubura zuwa babban wurin wasan yara da ke bakin gari. Kubura ƙarama ce, ko makaranta ba ta shiga ba. Tun daga gida take riƙe da jan balan-balan ɗinta.

Da suka isa, filin ajiye motoci ya cika maƙil. Filin kuwa yana da ɗan gangara. Mai kula da motocin, Malam Hammajoda, ya taso da usur a bakinsa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Alhaji, wuri ya ƙare," in ji shi. "Sai dai ka tsaya a gaban waɗannan. Amma ka bar ta a firi, kada ka ja birkin hannu. In masu motocin ciki za su fita, sai mu tura taka, mu mayar."

"Ba za ta gangara ba?" in ji Abba.

"Zan sa mata dutse."

Ya ɗauko wani dutse mai faɗi, ya sa a bayan tayar baya. Yaron yana tsaye yana kallo, komai a kan idonsa aka yi.

Abba ya ce, "Zan bi layin tikiti. Ka riƙe hannun ƙanwarka, ku tsaya a inuwar nan."

"To, Abba."

Wannan "to" ɗin ba ta je ko'ina ba. A aljihunsa akwai goruba da ya gama gaigaya, yana so ya fasa ta. Ya duba nan, ya duba can, bai ga abin fasawa ba. Sai idonsa ya faɗa kan dutsen.

"Ai motarmu ce," ya ce a ransa. "Yanzun nan zan mayar."

Ya saki hannun Kubura, ya ja dutsen da ƙarfi har ya fita. Motar ba ta motsa ba. Ya koma gefe ya tsuguna yana ta bugun goruba.

Can sai wasu samari suka zo, suka jingina da gaban motar za su ɗauki hoto. Yaron ya ji wata 'yar ƙara, ya ɗaga kai. Tayoyin motar suna juyawa a hankali, ba kowa a ciki.

Ya waiga neman Kubura, ba ta inuwar. Balan-balan ɗinta ne ya kuɓuce, ta bi shi. Ga ta can a tsugune a gangaren, ta juya baya, kuma wajenta motar ta nufa.

Tun da aka haife shi bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Motar kuwa sai ƙara sauri take yi.

"Kubura!" Ya ƙwalla ihu. "Wayyo, Kubura! Mota!"

Yarinyar ta juyo tana murmushi, ba ta san abin da ake ciki ba. Mata suka fara salati. Samarin nan suka bi motar suna ja, amma ta fi ƙarfinsu.

Sai ga Malam Hammajoda a guje. Ya suri Kubura, suka faɗi gefe tare. Motar ta wuce daidai inda take tsugune, ta take balan-balan ɗin, ta daki katanga. Fitilar baya ta tarwatse.

Sai da Kubura ta fashe da kuka mutane suka yi ajiyar zuciya. Abba ya iso ba hula, ya rungume ta yana duba jikinta. Ba abin da ya same ta, amma gwiwar hannun Malam Hammajoda tana zubar da jini.

Shugabar masu tsaron ƙofa, Madam Paulina, ta ratso taron.

"Hammajoda, ka sa dutse ko ba ka sa ba?"

"Wallahi na sa, Madam."

"To ina yake?" in ji Abba. "Haba Malam! Da ran 'yata za a yi sakaci?"

Jama'a suka fara gunaguni. Yaron yana tsaye a baya, dutsen yana kusa da ƙafarsa, ba wanda ya kula. Da ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya dubi jinin da ke hannun mutumin da ya ceci ƙanwarsa, kunya ta kama shi.

Ya ɗauki dutsen ya matso.

"Abba, ni ne. Ya sa, ni na cire. Goruba zan fasa."

Abba ya daɗe yana kallonsa. Wannan kallon ya fi bulala zafi. Sannan ya juya ya kama hannun Malam Hammajoda.

"Malam, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya tsare."

Yaron ya durƙusa a gaban Malam Hammajoda yana hawaye. "Baba, don Allah ka yi haƙuri."

"Tashi, ɗana. Ka ga filin nan? Dutse, igiya, ganga, duk abin da ka gani a ajiye aiki yake yi. In ba ka sani ba, ka tambaya."

Ran nan ba a hau lilo ba. Asibiti suka kai Malam Hammajoda aka wanke masa ciwo, sannan suka wuce gida. A hanya Kubura ta kwantar da kanta a cinyar yayanta.

"Yaya, ka daina kuka mana. Ni fa ban ji ciwo ba."

Ya riƙe hannunta gam, bai saki ba har ƙofar gida.

Bayan mako guda Abba ya mayar da su, suka yi wasa har suka gaji. Malam Hammajoda ya warke, har da ɗaga musu hannu yana dariya. Daga ranar yaron ya gane cewa ba a taɓa abin da wani ya ajiye sai an tambayi dalili, domin ƙaramin abu yana iya tsare ran mutum.