Shayin da Apo Ta Sha

"Ba zan je Kanada ba, Baba! Sai dai ka ɗaure ni ka sa a akwati!"

Muryar Yuk-lin ce ta tare ni tun daga ƙofar gida. Na kakkaɓe laimata na shiga. Ubanta, Kin-wah, yana tsaye a tsakar falo, jijiyar wuyansa ta miƙe. Jiya ya sauka Kalkata daga Toronto don bikin cikar mahaifiyarsa shekara casa'in.

"Saboda ɗan Bangali, ɗan ƙasar nan? Mai gyaran babur?" ya daka mata tsawa. "Mu 'yan ƙabilar Hakka ne! Jininmu bai taɓa cuɗanya da na kowa ba, kuma ba a kanki za a fara ba!"

"Sunansa Indro..."

"Ban tambaye ki ba! Ki aure shi, ki manta kina da uba."

Tsohuwar, wadda duk unguwar Tangra ke kira Apo, wato kaka, tana gefe tana ɓare tafarnuwa kamar kurma. Ni maƙwabcinsu ne, Fuk-sang. Ban yi makaranta ba, takalma na sayar har na tsufa, amma wanda ya daɗe yana auna ƙafafun mutane ya san inda kowa zai taka. Da na ga Apo ta yi shiru, na san akwai magana.

Ita ta raini Yuk-lin tun da uwarta ta rasu, uban ya tafi neman arziki. Kafin nan ta ga abin da ta gani. A jirgin ruwa ta zo ƙasar nan daga ƙasar kakanninmu tana yarinya. Ta wanke fatu a majema har farcenta ya zube. Ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu, ta kalli unguwa tana watsewa gida bayan gida, ita ko gezau.

Da yamma na ga Yuk-lin a bakin shagon Indro, idanunta sun kumbura.

"Ki bi mahaifinki, zuciyata," ya ce, yana goge baƙin mai a hannunsa. "Ba zan raba ki da danginki ba."

"Kai ma korata za ka yi?"

"Ni? Rana ɗaya in ban gan ki ba, ko kusoshi ba na iya ɗaurewa daidai..."

"To kar ka sake faɗa min haka, Indro! Kai nake so. Kuma ubana nake so. Me ya sa sai na yanke ɗaya?"

Ya jawo mata benci, ta zauna. Ni kuma na wuce gida.

Ranar biki da safe Apo ta kira ni.

"Fuk-sang, je ka zo min da yaron nan. Ka ce ya sa riga mai tsabta."

"Apo, ɗanki zai ci ni ɗanye."

"Tsohon nama irinka? Haƙoransa ba za su iya ba. Tafi!"

A wajenmu, ranar irin wannan, 'ya'ya da jikoki kan durƙusa ɗaya bayan ɗaya su miƙa wa babba shayi da hannu biyu. Bare ba ya miƙawa. Wanda babba a gida ya sha shayinsa ya zama ɗan gida, kuma ba wani na ƙasa da ya isa ya ƙi nasa.

Zauren ya cika, an jera taliyar tsawon rai da kifi da agwagwa. Kin-wah ya durƙusa, ta sha. Yuk-lin ta durƙusa, ta sha. Sai Apo ta ɗaga sandarta ta nuna Indro, da ke raɓe bayana.

"Kai. Je ka kawo min shayi. Kofi biyu."

Kowa ya juyo yana kallonsa. Yaro ya shige kicin yana tuntuɓe. Laifin kowa ne, don babu wanda ya tuna ya ce masa ga butar can a kan tebur, zuba kawai zai yi. Ya daɗe. Da ya fito, na dafe kai. Irin na uwarsa ya dafa: madara, sukari, har da citta!

Dariya ta ɓarke. Apo kuwa, kowa ya sani, ko warin madara ba ta so.

"Kin gani, Mama?" Kin-wah ya ce. "Wannan kunu ne ko shayi? Abin da za ki shigo mana da shi cikin jinin Hakka ke nan?"

Indro ya durƙusa ya miƙa kofi ɗaya. Yuk-lin ta zube kusa da shi tana hawaye.

"Jinin Hakka," Apo ta maimaita a hankali. Sai ta juya harshe, ta yi wata magana da yaren Kanton, yaren kafintoci na cikin gari, waɗanda a da ko gaisuwar kirki ba ma yi da su, balle aure. Tsofaffin zauren suka sunkuyar da kai. Ni uwata ta taɓa tsegunta min asalin Apo, na riƙe bakina.

"Ka ji yaren uwata, Kin-wah. Ni 'yar kafinta ce. Ubanka na gani na so, na bar gidanmu na biyo shi cikin warin fata. Ranar aurena na durƙusa gaban kakarka da kofi kamar haka. Ta kalli bango. Ina durƙushe har shayin ya huce, har aka share zaure. Ba ta sha ba har ta mutu."

"Mama... ba ki taɓa..."

"Na koyi yarenku har na fi ku iyawa, don kada a goranta muku. Rabin jinin da kake wa kirari nawa ne! Na rantse tun ranar, shayi ba zai huce a gabana ba."

Ta karɓi kofin. Ta kafa kai. Fuskarta ta yamutse kamar ta tauna maɗaci, amma ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasansa.

"Ba daɗi," ta ce wa Indro. "Ko kaɗan. Tashi, jikana."

Ta nuna kofi na biyu, ta nuna ɗanta. Indro ya ja gwiwa ya miƙa. Kin-wah ya tsaya ƙiƙam, yana kallon uwarsa, yana kallon 'yarsa.

"Baba..." Yuk-lin ta ce. "Yana hucewa."

Nan ya karye. Ya karɓa da hannu biyu, hawaye na ɗiga cikin madarar, ya shanye.

Bayan damina aka ɗaura auren. Apo ta zauna a gaba cikin jar riga. Da aka zo miƙa shayi, ta riƙe hannun ango, ta leƙa kofin tukuna.

"Wannan karon wa ya dafa?"

"Ni ce, Apo," in ji amarya.

"Madalla. Sau ɗaya rantsuwa ta sa na sha nasa, ba za ta sa ni sau biyu ba."