Jan Kafet a But ɗin Marsandi

Yayana Kailani ya rasu a daminar 1976. Tifar siminti ce ta buge shi a kan babur ɗinsa a hanyar Kongo, ko asibiti bai kai ba. Mu biyu iyayenmu suka bari a duniya. Yanzu saura ni.

Shi bakanike ne, ni kuwa ɗinkin kujerun mota nake yi. Rumfarmu ɗaya a Tudun Wada, shi a gaba cikin baƙin mai, ni a baya da keken ɗinkina. A aji huɗu karatuna ya tsaya, don haka yadda abin ya faru zan faɗe shi, ba ado.

A shekarun nan kuɗin mai sun shigo gari, kowa sabuwar mota yake nema. Alhaji Dabo ɗan kwangila yana da sababbi har uku, amma ransa yana kan tsohuwar Marsandin mahaifinsa, baƙa, wadda ta shekara goma sha huɗu a wani kango a Dutsen Abba. Da igiya aka jawo ta rumfarmu. Wata bakwai Yaya yana kanta har inji ya tashi. Obadiya maƙwabcinmu mai fenti ya fesa ta, kana iya gyara hularka a jikinta. Ni na ɗinke kujeru. Abu ɗaya ya rage, shimfiɗa kafet a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota. Alhaji da kansa ya kawo kafet ɗin, ja, mai kauri.

A nan Yaya ya tsaya. Ya ce kada in taɓa but ɗin sai ya ba ni izini. Ya tokare murfin da guntun katako, ya bar shi a ɗan buɗe. Da na nemi dalili, ya ce in ji da ɗinkina. Ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ban saba musu da shi ba. Ana cikin wannan jiran ajali ya same shi.

Ranar sadakar bakwai Alhaji Dabo ya zo gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi, a gaban jama'a, ya ce Kailani gwani ne, sai dai jan aiki. Ya ce mahaifiyarsa tana kwance, burinta ta shiga motar mijinta ko sau ɗaya kafin ta bar duniya, ga shi Kailani ya tafi da amanar mutane a wuyansa.

Mutum yana kwance a kabari, a ce da amanar wani a wuyansa. A take na yi alkawarin jibi mota za ta fita.

Washegari bayan la'asar na fara. Na farke buhun siminti, na shimfiɗa takardar a cikin but, na bi gefuna da alli, don in yanka kafet a kan fasalin. Obadiya ya leƙo yana goge hannu.

"Tela, mutane sun ƙare ne, yau mota kake auna wa riga?"

Na ce tafi can, mai warin fenti. Bai yi dariya ba kamar yadda ya saba. Ya matso, ya rage murya, ya ce kullum idan na tashi aiki yana ganin Yaya ya tsaya a bayan motar ya yi sallama a hankali, ya ajiye ƙullin kanwa da ɗan gero a ciki. Ya ce sau ɗaya ya tambaye shi, Yaya ya ce masa kwana arba'in kawai ake jira.

"Ni ba ruwana da sha'anin mutanen ɓoye, Nagoda, cocin ma da ƙyar matata Suzana take kora ni. Amma na riƙe kwanakin. Yau talatin da uku."

Na ce fentin nan ya fara taɓa masa kai. Ya dube ni, ya ce Allah ya sa haka ne. Ya rufe shagonsa ya tafi.

Na cire katakon, na ɗaga murfin har sama. Da na zo shara sai na ga babu abin sharewa. Ba ƙura, ba yanar gizo. Ƙarfen ƙasan yana da ɗumi, kamar tabarmar da mutum ya tashi daga kai yanzu. Na ce rana ce, alhali tun azahar hadari ya rufe gari. A ramin tayar safaya na tarar da ƙullin kanwa, an ci rabi. Na jefar da shi waje.

Na shafa gam a ƙarfe, na shafa a bayan kafet, na jira ya yi danƙo. Na shimfiɗa. Irin wannan aikin ba a gama shi daga tsaye, sai an shiga ciki an bi kusurwoyi da gwiwa da ƙotar guduma. Na cire takalmi na shiga.

Dama ta kwanta lafiya. Tsakiya ta kwanta. A kusurwar hagu, can ciki, akwai ɗan tudu kamar ƙaramar gwanda. Na danna da hannu, ya lotsa, ya dawo. Na ɗauka iska ce. Na ɗora gwiwa na danne.

Aka fara kiran sallar magariba. Na ce bari in ƙarasa wannan kusurwar.

Sai warin gam ya ɓace.

Ban ga wuta ba, ban ga tukunya ba, amma ƙamshin kunun kanwa ya cika hancina, da na dafaffen ganyen runhu. Na san ƙamshin. Bara matata Rakiya ta haihu, kwana arba'in gidanmu haka yake.

Daga bayan rumfa na ji ana fyaɗa ruwa da ganye a jiki. Fyaɗ. Fyaɗ. Babu gida a wurin, tulin tsofaffin tayoyi ne.

Ƙarar ta tsaya.

Takun ƙafa, jiƙaƙƙe, a hankali.

Murfin ya fara saukowa. Ba faɗowa ya yi ba. Sauke shi aka yi, yadda ake rufe ƙofar ɗakin da jariri yake barci. Na miƙa hannu, na makara.

Ƙwas.

Duhu. Zafi. Tururi ya jiƙa min riga. Na buga murfin da kafaɗa, kamar na bugi dutse.

Wani ya yi numfashi a bayan wuyana.

"Ƙanin Kailani."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a gajiye.

"Ɗaga gwiwarka."

Na ɗaga. Tudun ya motsa. Daga ƙarƙashin kafet wani siririn kuka ya fito, kamar na jaririn da aka rufe da zane.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena yana sarƙewa. Inda na kakare, ita ta ɗora min.

"Karanta. Ni ma na iya," ta ce. "Jego nake yi. Kwana arba'in na roƙi yayanka, ya ba ni. Na fita wanka, ka manne min ɗa."

Na ce ban sani ba. Ta ce an faɗa min ɗazu.

"Gam ɗinku ba ya taɓuwa a hannuna. Kai ka sa, kai za ka cire. Numfashinsa da naka yanzu ɗaya ne."

Ba zan yi ƙarya ba, a wannan halin ma sai da alkawarin jibi ya faɗo min a rai. Kafet ɗaya ne. In na yaga shi, maganar Alhaji ta tabbata.

Kukan ya ragu. Ƙirjina ya matse.

Reza tana waje. Almakashi yana waje.

Na sa farce.

Gam ya riga ya kama. Farcen farko ya ɓalle, ban ji zafi ba. Na biyu ya bi shi.

Kukan ya koma shessheƙa. Na buɗe baki, iska ba ta shiga.

Na sa haƙori a bakin kafet ɗin, na ja.

Shiru.

Na sake ja.

Ya kece, da ƙara irin ta yadin likkafani.

Wani abu mai ɗumi, mai santsi, ya ratsa ta kan hannuna. Sai kuka ya tashi sosai, cikakke, iska ta shigo min tare da shi. Daga nan na ji ana jijjiga, na ji tsotso.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na ce, "Baiwar Allah, yayana fa? Ku ne?"

Ta amsa tana jijjiga.

"Kwanansa ne ya ƙare. Ranar da aka kai shi, mu ma mun yi kuka."

Murfin ya ɗaga da kansa. Na mirgino ƙasa cikin taɓo. Mutane suna fitowa daga masallaci, ashe duk abin bai wuce tsawon salla ɗaya ba. Na lalubo ƙullin kanwar na mayar, na tokare murfin da katakon, ban kalli ciki ba.

Da safe na je gidan Alhaji Dabo da hannuwa a naɗe. Na faɗa masa komai. Na ce ba jan aiki Yaya ya yi ba, alkawari ya riƙe. Na roƙe shi ya ƙara kwana shida, ya kuma janye maganar da ya yi a gaban mutane. Ya ce baƙin ciki ne ya juya min kai, ya ce yau za a jawo masa motarsa. Mahaifiyar tasa ta ji mu daga ɗaki. Ta sa aka kira shi bakin ƙofa, na ji ta ce, "Dabo, ba a tada mai jego. Ka bar su su cika kwanansu."

Ya bari. Amma kwana huɗu bayan nan tsohuwar ta rasu, ba ta shiga motar ba.

Da arba'in ta cika na tarar da but ɗin sanyi ƙalau, har ƙura ta fara kwanciya. Alhaji ya aiko direba ya ɗauke motar da ƙarfen but ɗin tsirara. Bai ƙara yi min magana ba. Maganar nan kuwa har ya koma ga Allah bai janye ta ba, kuma akwai dattawa a Tudun Wada da har yau haka suke tuna Yaya.

Farcena uku ba su sake tsirowa ba. Ina ɗinka kujeru, amma ba na karɓar aikin but. Abin da yake hana ni sukuni ba muryar matar ba ce. Tsohuwar nan nake tunawa, da ban taɓa ganin fuskarta ba, wadda ta ba da kwanakin da ba ta da su.

Ni ban san yadda za a yi wannan hisabin ba. Mai karatu, ka taya ni da amin. Allah ka jiƙan Kailani, ka sauke masa duk abin da aka ɗora masa a wuya. Ka jiƙan mahaifiyar Alhaji Dabo, ka haɗa ta da mijinta a inda ba a jira. Ka yafe wa Alhaji, ka yafe min gaggawata. Amin.