Shaidar Barikisu a Bakin Ruwa

Barikisu ta tsaya cak a bayan rumfar gyaran babura, farar rigar baftisma da ta ɗinka da hannunta tana rungume a ƙirjinta.

Abdul-Manan yana kan wani kwali da ya shimfiɗa, fuskarsa gabas, goshinsa a ƙasa.

Salla yake yi.

Gobe Lahadi kuwa za a shigar da shi ruwa a gaban dukan ikilisiya.

Sai da ya sallame ya gan ta. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya yi irin murmushin wanda aka kama hannu a tukunya.

"Barikisuna... ashe kina nan?"

"Ina nan."

"Sabo ne kawai, wallahi. Kin san jiki in ya saba..."

"Jiki ne yake hawaye a salla, Manan? Na ga idonka."

Ya sunkuya ya naɗe kwalin. Can kan titin unguwar Kaladan ta Tamale 'yan yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, sai hon suke yi, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas.

Tun ranar da babur ɗinta ya mutu a ƙofar rumfar nan suke son juna. Amma Barikisu 'yar ikilisiya ce, cocinsu na masu jin Hausa kuwa ba ya ɗaura aure sai tsakanin waɗanda aka yi wa baftisma. Da Manan ya ji haka, shi da kansa ya shiga ajin koyon bangaskiya. Uwarsa ta daina amsa gaisuwarsa. Yayyensa suka juya masa baya a masallacin unguwa. Duk ya shanye.

"Faɗa mini gaskiya," ta ce. "Gobe Baba Ishaku zai tambaye ka ko ka gaskata Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu domin zunubanka, ya tashi daga matattu. Me za ka ce?"

"Zan ce i."

"Ka gaskata?"

"Na gaskata ke."

"Ba ni na tambaya ba!"

"Haba farin cikina! Kalma ce fa, da ruwa. In shiga, in fito, mu yi aurenmu. Abin da ke zuciyata ni da Ubangijina ne. Wa zai sani?"

"Ni."

Ya kama hannunta, hannunsa duk baƙin mai.

"To ke ɗin ce rufin asirina. Na bar uwata tana kuka saboda ke, Barikisu. Kada ki bar ni a tsakiyar kogi."

Ta ajiye masa rigar a kan benci, ta hau babur ɗinta. So hana ganin laifi, in ji masu magana. Amma ita ta riga ta gani, ido kuma ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

A gida ta sami uwarta, Mma Saratu, tana tuƙa tuwo. Ta durƙusa ta zayyana mata komai.

Mma Saratu ba ta ko ajiye muciya ba.

"Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai, Mma."

"To ya tsaya nan. Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Ya shigo dai tukuna. Yau wa'azi, gobe wa'azi, wata rana zai ji."

"Amma ni ce mai tsaya masa, Mma. Ni za a tambaya."

Haka al'adar cocin take tun zamanin kakanta. Duk wanda za a yi wa baftisma, sai ɗan ikilisiyar da ya kawo shi ya tsaya a bakin ruwa ya ba da shaida cewa bakinsa da zuciyarsa ɗaya ne.

"Sai ki ce i, ki rufe baki! Na gayyaci mutane har daga Yendi. An sayi atamfar biki. So kike matan zumunta na coci su mai da ni abin tauna?"

"Ranar da aka karɓe ni, na yi alkawari ba zan yi wa ikilisiya ƙarya ba..."

"Alkawari! Ke kika fi kowa tsoron Allah a Tamale? Yaron nan ya rasa danginsa dominki. In kika kunyata shi, ina zai sa kansa?"

Barikisu ta tashi ta shige ɗaki. Tuwon ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Da safe aka ɗunguma zuwa dam ɗin da ke bayan unguwar Vittin, wasu a babura, wasu a yalo-yalo. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ko ganye ba ta kaɗawa. A ɗaya gefen ruwan makiyaya na shayar da shanu, sun jingina da sandunansu suna kallo.

Latif mai kiɗan ganga na coci ya matso kusa da ita. Ya daɗe yana neman aurenta tana ƙi. Ya yi mata barka da asuba da yaren mutanen garin.

"Dasiba, Sista Barikisu. Amarya ba kya laifi."

"Naa," ta amsa gaisuwar.

"Ango ya yi asuba kafin ya zo, ko sai an fito ruwa zai rama?"

Ta kau da kai.

Baba Ishaku, dattijon ikilisiya, ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa har ƙugu. Tsoho ne da ba a taɓa ganin haƙoransa a wurin aikin Allah ba. Ya ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Abdul-Manan ya bi shi cikin farar riga.

"Ɗana, ka gaskata da Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki?"

"Na gaskata."

"Ka gaskata Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye domin zunubanka, aka binne shi, ya tashi, zai kuma dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a?"

"Na... na gaskata."

"Ka yarda ka zama gaɓa a jikin nan na ikilisiya? Ka taru da mu ranar Ubangiji, ka ci Jibinsa, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwarsa, da tsabtar zuciya, ka ɗauki nauyin mara lafiya da gwauruwa, in ka yi kuskure ka karɓi horo, in ɗan'uwanka ya yi ka gaya masa gaskiya?"

"Na yarda."

"Ƙarya yake!" Latif ya jefar da makaɗinsa. "Baba, mutumin nan bai bar salla ba! Mace ya biyo!"

Wuri ya ruɗe. Baba Ishaku ya zuba masa ido har sai da kowa ya yi tsit.

"Latif, duk Kaladan an san abin da ke cin ka. Mai neman gona ba ya zama alƙalin iyakarta. Ɗauki gangarka."

Aka yi 'yar dariya. Mma Saratu ta sauke ajiyar zuciya. Manan ya dubi Barikisu daga cikin ruwa, idonsa na cewa an tsallake.

An tsallake kuwa. Ba wanda zai ƙara sauraron Latif. Kalma ɗaya ta rage, a bakinta take.

"Barikisu, 'yata," in ji dattijon. "Ke kika kawo shi. Tun kina goye nake ganinki, ban taɓa jin ƙarya a bakinki ba. Abin da kika faɗa shi ikilisiya za ta ɗauka. A gaban Allah, kin shaida bakinsa da zuciyarsa ɗaya ne?"

Can nesa aka yi tsawa. Shanu suka ɗaga kai.

Ta tuna ranar da ita ma ta tsaya a ruwan nan, sanyi na kaɗa ta, tana amsa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sa ta dole. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ya san nauyinsa.

"Barikisu..." Mma Saratu ta tsunkule ta a baya.

"Baba," ta ce, hawaye na zuba, "mutumin kirki ne. Bai taɓa cutar kowa ba. Ina son sa kamar raina."

"Ba wannan na tambaya ba."

"A'a, Baba. Ban shaida ba. Domina ya shiga ruwan nan, ba domin Almasihu ba."

Wata mata ta ɗora hannu a ka. Mma Saratu ta zauna daɓas a kan yashi.

Baba Ishaku ya juya ga saurayin. Muryarsa ta sauka.

"Ɗana, haka ne?"

Manan ya ɗago ya dubi tsohon.

"Haka ne, Baba."

"To fita da kanka a bushe. Ba na nitsar da mutum a kan abin da bai gaskata ba. Ƙofarmu a buɗe take ran da zuciyarka ta kawo ka. Kada wanda ya zage shi! Ya faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi."

Manan ya fito, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Mutane suka dare. Ya tsaya a gabanta.

"Kin kashe ni, Bari."

"Na sani..."

"Da kin yi shiru, da wata mai zuwa kina ɗakina."

"Da ina ɗakinka. Kullum ka rufe ƙofa kana salla a ɓoye kamar ɓarawo, ni ina gadi. Ranar Lahadi a miƙo maka ƙoƙon Jibi ka sha abin da ba ka yarda da shi ba, ni ina kallo. Ka ci amanar Allah ta can, in ci ta nan. Wace albarka za ta shiga gidan, masoyina?"

"Ke fa? Ba za ki biyo ni ba?"

"Sai in yi maka irin ƙaryar da na hana ka."

Ya yi dariya mara daɗi, ya share fuska da bayan hannu.

"Taurin kan nan naki shi na so tun farko. Ga shi ya ci ni."

Ya tada babur ɗinsa, ya hau hanyar gari. Ta bi shi da ido har ya shige tsakanin sababbin gidajen Vittin. Bai waiwayo ba.

Ruwan sama ya ɓarke. Jama'a suka watse da gudu. Mma Saratu ta shiga yalo-yalo ba ta ko dubi 'yarta ba. Latif ya nufo ta da lema, ta yi masa kallo ɗaya, ya koma da abinsa.

Baba Ishaku ne ya rage, yana matse bakin wandonsa. Ta ɗauka zai rarrashe ta.

"Gobe wa ke da kai wa tsohuwa Lami abinci a asibiti?"

"Ni ce, Baba."

"To kada ki makara. Ba ta iya cin mai yaji."

Washegari Barikisu ta dama koko, ta ɗaura kular a bayan babur, idanunta a kumbure. Hanyar asibiti ta gaban rumfar Manan ta bi, babu wata. Yana durƙushe yana kwance taya. Ya ji ƙarar injin da shi ya gyara da hannunsa, ya gane ta, hannunsa ya tsaya.

Bai ɗago ba.

Ita ma ba ta rage gudu ba.