Wasiƙar da Baba Bai Karanta Ba

"Baba, ka karanta wasiƙar ko ba ka karanta ba?!"

Mahaifina, Janar Casimiro Banegas, bai ko ɗago kai ba, sai juya cokali yake a kofi. Shekara talatin da huɗu yana soja, shi ke riƙe da rundunar ƙasa tun da sojoji suka karɓi mulki, amma tambaya ɗaya ta gagare shi.

"Ondina, wasiƙa ɗari nake gani kullum..."

"Wannan ta neman aurena ce!"

Kai ni Ondina, na ga ta kaina! Sau uku Fidencio, malamin makarantar da nake so kamar raina, yana zuwa gidanmu masu gadi suna koro shi. Da na yi ƙorafi, Baba ya ce ya rubuto. Haka gidanmu yake, ko mai dafa abinci sai ta rubuta takarda kafin ta je ganin uwarta.

Bawan Allah ya zauna ya rubuta, cike da ladabi, wai yana roƙon ganawa a keɓe kan wani al'amari da ya shafi gidan Janar. Baba bai karanta duka ba, ya dai ga "a keɓe" da sunan farar hular da bai sani ba, ya yi abin da hannunsa ya saba: ya buga hatimin "A bincika", ya tura sashen leƙen asiri. Ranar Litinin suka ɗauke Fidencio yana tsakar darasi.

"Kwana uku, Baba! Kwana uku ban san ko ya ci abinci ba!"

"To shi ma wane irin rubutu ne wannan? A keɓe! Me ya hana shi fitowa fili?"

"Kunyarka yake ji!"

Ya ja tsaki ya jawo waya. "Janar Banegas ne. A sako min wani malami yanzu..." Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya sake bugawa, aka ce Kanal ɗin sashen yana taro. A na uku, kashe wayar aka yi.

A hankali ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo min. An naɗa shi jakada a wata ƙasa mai nisa, jirginsa ranar Juma'a. Duk wanda ya tashi a barikin soja a Tegucigalpa, babban birninmu, ya san ma'anar wannan girmamawa: abokansa sun gama da shi.

"Tun jiya?" na ce, da na ga kwanan watan takardar. "Ka kuma yi shiru?"

"Na so ki raka ni, 'yata. Tun rasuwar mahaifiyarki ke kaɗai gare ni."

Na mayar masa da takardar. "Ba inda zan je Fidencio yana kulle."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki hularsa.

A ƙofar barikin da ake tsare da Fidencio, sajan ɗin da ya saba ƙame masa ya kawar da kai. "Ranka ya daɗe, umarni ne... kowa sai ya bi layi."

Layin ya kai kwanar titi, kusan duk mata ne, riƙe da kwanukan wake na 'yan uwansu da ke tsare, a cikin zafin rana. Shekara nawa Baba yana wuce su a mota? Na ɗauka zai juya. Wallahi ya je can ƙarshe ya tsaya, da taurarinsa a kafaɗa.

Awa biyar muka yi. Da aka fito da Fidencio, leɓensa a fashe, gilashinsa a karye, na ruga na riƙe shi ina kuka.

"Masoyina, yi haƙuri..."

"Ya karanta?" ya tambaye ni da raɗa.

Magatakarda ya turo wa Baba takardar beli yana hamma. "Meye alaƙarka da wanda ake tsare da shi?"

Baba ya dubi leɓen Fidencio, ya dube ni.

"Rubuta surukina," ya ce. "Gobe za a ɗaura, don jibi ba na nan."