Kaset Ɗin Iya

A shekarar 1999 an yi wata yarinya 'yar Gagarawa da ke karatu a wata kwaleji a Kano. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye. Kakarta, Iya, ita ta raine ta. Iya ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "ƙawata".

Iya ba ta iya rubutu ba, amma tana da dabararta. In ta yi kewar jikarta, sai ta sa Adda, yayar yarinyar, ta ɗauko rikoda ta saka kaset. Iya ta miƙe ƙafa a kan tabarma ta yi ta zuba, kamar jikar tana gabanta. Ta ba ta labarin gero da awaki da wadda ta haihu a unguwa. In ta gama, sai a ba Cindo direba kaset ɗin ya kai Kano.

Da farko, in yarinyar ta ji muryar Iya har hawaye take yi. Ana nan sai aka buɗe shagon intanet kusa da kwalejin.

Ƙawarta Charity ce ta fara kai ta. Ta buɗe mata akwatin imel, wato inda ake karɓar saƙon da aka rubuta a kwamfuta. Yarinyar ta rubuta gaisuwa, ta danna. Washegari sai ga amsa daga Kanada. Tun daga ranar shagon ya zama gidanta na biyu.

Ana tashi daga lacca, sai shago. Ta zauna ta zuba wa kwamfuta ido. Layin intanet ɗin tafiyar hawainiya yake yi. Kafin shafi ɗaya ya buɗe, sai a dafa shayi a shanye. Amma ita ko a jikinta. Ta yi ƙawaye a Kanada da Malesiya. Ta san sunan kyanwar wata Baturiya, amma ba ta san akuyar Iya ta haifi tagwaye ba.

Da ta zo hutu, bakinta bai huta ba.

"Baba, duniya fa ta ci gaba," in ji ta. "Yanzu ba a aika saƙo da direba. Saƙon intanet ba ya faci a hanya, ba ya tsayawa shan mai."

"To, mu da ba mu da abin fa?" Baba ya tambaye ta.

"Ai akwai a Gumel. Chris mai shagon buga waya ya sa kwamfuta. In wani abu ya taso, Adda ta je ta aiko mini. Kullum ina dubawa."

Iya tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ta ɗago kai.

"Ƙawata, shi abin naki yana ɗaukar murya?"

"A'a, Iya, rubutu ne."

"To, ni me zan yi da shi? Ni bakina ne alƙalamina."

Yarinyar ta yi dariya. "Iya, kaset ai ya zama tsohon yayi."

Iya ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Hutu ya ƙare, yarinyar ta koma Kano. Wata rana da yamma, tana sauri za ta shago, sai ga Cindo a bakin ƙofar kwaleji. Ya miƙa mata kaset a cikin leda.

"Iya ta ce ki saurara yau," ya ce. "Ta ce in jaddada miki, yau."

"To, na ji. Na gode, Malam Cindo."

Fasinjoji suna jiran Cindo a tasha, sai ya juya. Ita kuwa ta jefa kaset ɗin a jaka ta wuce shago. A ranta ta ce, ai labarin gero ne da awaki. In da wani abu ne babba, da ta gani a imel.

Ta buɗe akwatinta. Babu saƙo daga gida. Ta yi murmushi, ta ce lafiya ke nan.

Kaico! Da ta san abin da ke cikin jakar nan, da ba ta zauna a kujerar nan ba. Iya ba ta da lafiya. Kiran jikarta take yi, kuma lokaci yana ƙurewa.

Washegari ta sake dubawa. Babu komai. Jibi ma haka. Kullum akwatin ya nuna mata babu saƙo, sai hankalinta ya ƙara kwanciya.

Ran nan Charity ta shigo ɗakinsu riƙe da rikoda.

"Kina da kaset da ba kya so? An ara mini wasu waƙoƙi, ina so in kwafa."

Yarinyar ta zazzage jakarta. Kaset ɗin Iya ya faɗo. Ta ɗan tsaya tana dubansa.

"Ba na kakarki ba ne?" in ji Charity. "Kin ji shi?"

"Ɗauki kawai. Wani zai zo."

Charity ta ɗauka, ta naɗi waƙoƙinta a kai.

Da mako ya zagayo, Cindo ya dawo. Wannan karon ba ya riƙe da leda. Ya aika aka kira ta daga aji.

"Ke ake ta jira," ya ce. "Ba ki saurari kaset ɗin ba ne?"

"Me ya faru?"

"Iya ta faɗi a tsakar gida. Tana asibiti a Gumel. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Ta ruga ɗaki. Ta karɓi kaset ɗin daga hannun Charity. Ta saka a rikoda. Kiɗa ya tashi. Ta tura gaba, kiɗa. Ta juya ɗaya gefen, kiɗa. Sai can ƙarshe, inda waƙoƙin suka ƙare, murya ta fito a hankali.

"...to, ƙawata, na gaji. Ki zo dai. Ki zo in gan ki."

Rikodar ta yi ƙas, ta tsaya. Abin da ya rage ke nan.

Yarinyar ta durƙushe a ƙasa ta fashe da kuka. Charity ma kuka take yi, tana ba ta haƙuri.

"Ba laifinki ba ne," in ji yarinyar. "Ni na ba ki da hannuna."

Malama Rahmatu, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ta ji kukan ta shigo. Da ta ji abin da ya faru, ta dafa kafaɗarta.

"Tashi ki tafi, 'yata. Ni zan gaya wa malamanki. Kukan nan ki ajiye shi, tun da kakarki tana da rai."

Hanyar Gumel ba ta taɓa yi mata tsawo kamar ranar ba.

A asibiti ta tarar da Baba zaune a kan benci. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi.

"Shiga ki gan ta," kawai ya ce.

Iya tana kwance. Ta rame. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Da ta ga jikarta, idanunta suka cika da hawaye. Ta motsa leɓe. Ta sake motsawa. Babu abin da ya fito.

"Iya, ni ce. Iya, ki yi mini magana."

Adda ta ja ta waje.

"Tun da ta faɗi ba ta ƙara magana ba," in ji Adda. "Likita ya ce wataƙila maganar ta dawo, wataƙila kuma shi ke nan."

"Adda, me ya sa ba ki aiko mini da imel ba?"

Adda ta dube ta da jajayen idanu.

"Na je Gumel, aka ce an ɗauke wuta. Na koma, layi ya ƙi kamawa. Chris ya yi iya ƙoƙarinsa har ya ji tausayina. Shi ne Iya ta ce a bar wahalar nan, a kawo mata rikodarta. Ta ce ƙawarta ba ta taɓa ƙin jin muryarta ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Me ta ce a ciki?"

"Ta cika kaset ɗin gaba da baya. Ta ce jiri yana ɗibarta, harshenta yana yi mata nauyi. Ta ba ki labarin mahaifiyarmu, abubuwan da ni ma ban taɓa ji ba. Ta sa miki albarka. Daga nan kullum sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure, tana sauraron ƙarar mota." Adda ta share ido. "Ina kaset ɗin? Ki adana shi da kyau. Wataƙila muryarta ta ƙarshe ke nan."

Nan yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta. Tana iya ɓoye maganar, ba wanda zai sani a gida. Amma ta daure ta faɗi gaskiya. Adda ta juya mata baya.

Aka sallami Iya, aka mai da ita Gagarawa. Likita ya ce a riƙa yi mata hira, ko da ba ta amsawa.

Yarinyar ta karɓi aikin nan. Ita ke yi wa Iya wanka. Ita ke juya ta, ta shafa mata man zafi a hannu da ƙafa. Ta zauna kusa da ita ta yi ta ba ta labari. Ta gaya mata gero ya fara fitar da kai. Ta gaya mata 'yan akuyar sun shiga rumbun maƙwabta an koro su. Yanzu ita ce mai zuba, Iya ce mai sauraro. Sai a lokacin ta gane nauyin yin magana ba a amsa maka.

Wani lokaci takan fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Da lokacin komawarta makaranta ya yi, ba ta so tafiya ba. Baba ya ce dole ta koma. Ta koma, amma duk ƙarshen mako tana motar Cindo. Takan shiga shagon intanet in aikin makaranta ya kai ta, ta gama ta fito. Ta rubuta wa ƙawayenta na nesa cewa za su riƙa jin ta jifa-jifa, kakarta ba ta da lafiya.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Iya ta fara zama da kanta, amma har yanzu babu magana. Mutanen gida suka fara sabawa da shirun. Yarinyar ce kawai ta ƙi sabawa.

Wata Asabar da safe ta dama kunun tsamiya. Ta zauna a gaban Iya, ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta kai bakinta. Iya ta kurɓa. Ta yamutsa fuska. Leɓenta ya yi ta rawa.

"Ya... yi... ruwa."

Ludayin ya suɓuce daga hannun yarinyar.

"Iya! Me kika ce?"

"Kunun... ya yi... ruwa."

"Adda! Baba! Ku zo! Iya ta yi magana!"

Adda ta shigo a guje da kumfar wanki a hannu. Baba ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Ana dariya, ana kuka, ana hamdala. Ba a taɓa kushe kunu aka yi murna irin ta ranar ba.

Yarinyar ta riƙe hannun Iya, ta kifa goshinta a kai.

"Iya, kin kira ni ban zo ba. Ban ma saurare ki ba. Ki yafe mini."

Iya ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"Na... yafe. Je ki... sake... damawa."

Ta tashi da gudu ta nufi madafa, tana share hawaye tana dariya.

Yara, intanet abu ne mai amfani, kuma yana da kyau ku koye shi. Amma kada ya sa ku raina hanyar da iyayenku da kakanninku suke iya yi muku magana. In wanda yake ƙaunarku ya kira ku, ku saurare shi a ranar da ya kira, kada ku bari sai gobe.