Takalman Kanar Stassaert

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto Claerbout dandalin kasuwar kifi. Wata guda ke nan da Griet Vandaele, mai zane, ta rufe gunkin Kanar Stassaert da baƙin ɗakin katako bisa izinin hukumar gari, don tunawa da mutanen Kwango da ya sa aka yanke wa hannu. A ɗakin aka tsinci gawarta, wuya a karye, tsani a kife, zarto a gefe. An yanka hannun gunkin har rabi.

Mai soya dankali a bakin dandalin ya ɗaga kafaɗa. "Rabin garin nan na zaginta, rabi na zagin Kanar, ni kuwa duka nake sayar wa. Makullin ɗakin dai biyu ne, Sufeto, nata da na Remi."

Remi Tack tsohon ma'aikacin hukumar gari ne, shekara talatin yana goge gunkin duk Litinin.

"Tun da ta rufe shi ban shiga ba, yallaɓai," in ji shi.

Sufeto ya koma ɗakin ya durƙusa. Garin tagullar da zarto ya zubar ya baɗe ƙasa, har rigar gawar. Takalman gunkin kuwa suna sheƙi, suna ƙanshin man gogewa, babu ko ƙwayar gari a kansu.

Ya sa aka kawo tsohon.

"Bayan ta faɗi aka goge takalman nan, Remi. Wa zai tsallake gawa ya goge takalmi?"

Remi ya kalli hannayensa.

"Yau Litinin ce," ya ce.

"Kai ka ja tsanin?"

"Sau uku na ce ta sauko. Ta ce ko kunya ba na ji, jikan Kwango yana bautar wannan."

"Ba ka san abin da ya aikata ba ne?"

"Na fi ta sani. Kakata wanki take masa a can. Da ta haifa masa mahaifiyata, aka ƙwace ta tana shekara huɗu, aka kawo ta gidan marayu a nan. Bai taɓa leƙa ta ba. Duk Litinin takan kawo ni gaban gunkin nan ta ce, ga babana. Tsayinta bai wuce takalmansa ba, su take gogewa."

Sufeto ya ciro ankwa. Remi ya miƙa hannu, ƙumbunansa cike da baƙin mai.

"Yarinyar da ta mutu tana da uwa?" in ji shi.

"Tana hanya," in ji Sufeto.

Tsohon ya bi shi har mota.