Muryar da Haliru Ya Gyara

Ƙarar awarwaro ce ta fara shigowa, sannan sallama ta biyo baya.

Haliru ya amsa ba tare da ya juyo ba. Tun safe yake zaune a ɗan ɗakin tace shirye-shirye na wani ƙaramin gidan rediyo a Tambuwal, fanka ta mutu, hedifon ya gasa masa kunnuwa.

"Malam, wuta anka ɗauke? Na ga kwamfutar a kashe."

"Tana aiki. Allon na nik kashe, batir shika ci mani a banza."

Sai shiru. Haliru ya san irin wannan shirun, na mutumin da ya hango farar sanda jingine da bango yana neman inda zai sa kansa. Ya gaji da shi tun yana yaro. Yana jiran "Allah sarki" ɗin da ke biyo baya sai ya ji an jawo kujera.

"To gara haka, ni ma hasken ciwon kai shika sa ni. Sunana Ruwaida, daga Kebbe. Ni ta sabuwar mai ɗauko muryoyin manoma."

Ya karɓi rikodar ya jona. Nan take wata murya ta ɓarke da Turanci da gudu, har Ruwaida ta zabura.

"Wa ka zuba haka awa mai gwanjo?"

"Sarkin Surutu ke nan, shi na idona."

Manhaja ce da ke karanta masa duk abin da ke kan allo. Ita kuma manhajar tace sautin, da maɓallai kawai yake tuƙa ta: ya matsa gaba da kibiya, ya sa alama inda tari ya fara, ya sa inda ya ƙare, ya yanke, ya saurara. In bai yi ba ya dawo da shi. Ya ɗan saurari aikin Ruwaida, sannan ya zare hedifon.

"Aiki ya yi kyau. Sai dai awarwaronki ya fi manomin magana."

Ta yi dariya har da buga tebur, awarwaron ya sake tona mata asiri. Daga ranar ya sa mata Mai Awarwaro, ita kuma ta rama da Malam Almakashi.

So bai yi musu sallama ba, a hankali ya zauna tsakaninsu kamar ɗan gida. In ta tafi ƙauyukan Jabo ko Dogon Daji ɗaukar murya sai ta turo saƙo, Sarkin Surutu ya karanta masa da Hausarsa ta Bature mai mura.

"Malam Almakashi, rana ta gasa ni, manomin kuma ya ƙi yin shiru. Na cire awarwaro saboda kai, hannuna duk ba daɗi. Ka ci abinci?"

Ya amsa mata: "Ban ci ba. Ki maida shi in kin gama, ɗakin ga ya yi shiru da yawa."

Da magana ta yi nisa, manyan Haliru suka je Kebbe. Suka dawo jiki a sanyaye. Mahaifin Ruwaida, Malam Gazali, manomi ne mai shanu, kuma ko baki bai buɗe ba. Ƙanensa Sambo ne ya yi magana a madadinsa: ba su ƙi yaro ba, amma wa zai riƙe wa a gidan? Ga kuma Lauwali, mai shagon hatsi a kasuwar Kebbe, ya daɗe yana kai gaisuwa.

Haliru bai yi mamaki ba, gajiya kawai ya ji, irin ta wanda aka yi wa tambaya ɗaya tun yana ƙarami. Shi da ke zuwa aiki da ƙafarsa, yake ciyar da mahaifiyarsa, har yau sai an tambaya wa zai riƙe shi.

Ruwaida ce ta kawo dabara. Babu wanda ya kai mahaifinta sanin adana harawa da lura da saniya mai ciki a duk yankinsu, amma in'ina ta hana shi magana cikin mutane. Shi ya sa ko a zauren gidansa Sambo ne bakinsa. Ta lallaɓa shi a garke ta ɗauki muryarsa, ta kawo wa Haliru.

"In yaj ji kainai a rediyo, za shi san aikinka ba wasa na ba."

Haliru ya saurara. Muryar mai nauyi ce, mai daɗi, amma kowace kalma sai ta yi tuntuɓe kafin ta fito. Ya zauna a kanta kwana da kwanaki. Ya bi harafi harafi yana cire maimaici, yana matso da kalma kusa da 'yar'uwarta, yana aro numfashi daga wani wuri ya liƙa don kada a ji ɗinki. Wuta ta ɗauke, ta dawo, bayansa ya ƙage. Da ya gama, Malam Gazali yana zuba bayani sumul kamar mai karanta labarai. Ruwaida ta saurara har da hawaye, su biyun kuma babu wanda ya ce a tambayi mai muryar.

Aka sa shirin ranar Laraba, ita ta tafi gida don ta ga farin cikin mahaifinta. Bayan 'yan kwanaki saƙonta ya shigo.

"Almakashina, mun yi ɓarna. A majalisa Lauwali ya ce ashe a Tambuwal akwai injin wanke baki. Kowa ya ga Baba sai ya ce ya maimaita irin ta rediyo. Ya daina fita. Ya ce in ajiye aikin, kuma kada ya sake jin sunanka a gidansa. Na gaji, wallahi na gaji."

Ya sa Sarkin Surutu ya maimaita, ko zai karanta wani abu dabam. Garin neman ƙiba an samo rama.

Makonni suka wuce. Haliru yana zuwa aiki, yana yanke tarin mutane da "to, ka gane" ɗinsu, ba ya jin daɗin komai. Da farko haushi ya ji: mutum ka yi masa gyara ya saka maka da kora? Sai wata rana yana tsaye bakin titin Sakkwato yana jiran abokinsa, wani bawan Allah ya cafki sandarsa ya ja shi har tsallake, yana ta sa wa kansa albarka. Haliru ya tsaya a gefen da bai nufa ba, ransa a ɓace. A nan tsaye ya gane abin da ya yi wa Malam Gazali, kunya ta rufe shi.

Ranar Asabar ya rataya jakar kwamfuta, ya hau kabu-kabu zuwa Kebbe. Hanyar ta girgiza masa ƙashi, ya isa bayan azahar ƙugunsa kamar ba nasa ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ji shigowar mutum biyu, ya durƙusa ya gaishe su. Malam Gazali ya ja numfashi.

"K-k-k..."

"Abin da Yaya ka nufi," in ji Sambo, "shi na..."

"Baba, a gafarce ni," Haliru ya ce, kansa a ƙasa. "Daga bakin Baba Malam nika son ji. Ba ni sauri, na saba da muryatai."

A waje wata saniya ta yi kuka. Haliru ya jira, bai taya ba, bai yi gyaran murya ba.

"K-kai kag g-gyara ni," Malam Gazali ya ce a ƙarshe. "Na c-ce maka na l-l-lalace?"

"Ba ka ce ba, Baba."

"Ɗ-ɗiyata m-ma, in tay yi abin da b-bai yi maka ba, y-yanke ta za ka yi?"

Tambayar ta shige shi. Ya ba shi labarin mutumin bakin titi, bai ƙara gishiri ba.

"Abin da nika ƙi a yi mani, shi niy yi maka. Ban zo roƙon aure ba yau, muryarka nik kawo maka. A aikinmu ba a shafe ta asali."

Ya buɗe kwamfutar. Sarkin Surutu ya yi ta zuba, Sambo ya ja da baya yana salati. Haliru ya danna maɓalli, sai ga Malam Gazali a garkensa, yana tuntuɓe yana tashi, yana bayanin yadda ake shanya harawa a inuwa don kada ganyen ya zube. Suka saurara har ƙarshe.

"W-wanga ni na," in ji Malam Gazali a hankali. "S-sa shi. D-duka."

Sai da Haliru ya sha fama da manajan gidan rediyon, wanda ya ce lokacin shiri ba roba ba ne da za a ja. Haliru ya cire kiɗan buɗewa, ya rage gaishe-gaishe, ya sa muryar yadda Allah ya yi ta. Bai taɓa ko numfashi ɗaya ba.

Kada a ce daga nan komai ya warware, dattijon Kebbe ba ya juyawa kamar babur. Damina ta shiga ta fita, Haliru yana jira. Abin da ya sani kawai, Malam Gazali ya koma majalisa, masu shanu suna zuwa tambayarsa, kuma ya fara ɗaga wa Sambo hannu in ya zo ƙarasa masa zance. Lauwali da ya ga ba a ƙara yi masa tayin tabarma, ya rage zuwa da kansa.

Bayan an kai amfanin gona gida saƙo ya shigo.

"Malam Almakashi, Baba ya ce ka turo manyanka. Da bakinsa ya faɗa mini, ya daɗe kafin ya kai ƙarshe, ni kuma ban taya shi ba. Na maida awarwarona da na cire tun ranar da aka raba mu."

Haliru ya kifa kansa a kan tebur ya daɗe a haka. Ba murna ce ta fara zuwa ba, sauke kaya ne.

Ranar ɗaurin aure kowa ya ɗauka Sambo ne waliyyi, kamar yadda aka saba ƙanen uba ya bayar. Da liman ya tambaya, sai Malam Gazali ya matso da kansa. Haliru yana can baya cikin abokai, rikoda a aljihun babbar rigarsa.

"N-n-na..."

Ƙofar gidan cike take da jama'a, amma babu wanda ya yi tari. Aka jira shi.

"Na b-ba H-Haliru ɗ-ɗiyata R-Ruwaida."

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Kwana biyu da tarewa, da hantsi, Ruwaida ta zauna kusa da shi a ɗakinsu na Tambuwal, ya sa mata hedifon a kunne. Ta saurari mahaifinta yana bayar da ita, ta ce ya maido baya, ta sake saurara.

"Wagga fa, Malam Almakashi? Za ka gyara ta?"

"Wagga ta fi ƙarfin almakashi, Mai Awarwaro. Haka jikokinai za su ji ta."

Ta share ido, awarwaron ya yi ƙara, shi kuma ya rufe kwamfutar. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ba su haƙurin jiran juna har kowa ya kai ƙarshen maganarsa.